Littattafan Masunta da Teku: Wanne Za Ka Fara Saya?

Bahaushen Jos ya san kifin teku tun kafin ya san teku. Titus da shawa da kote suna isowa Terminus da Farin Gada a daskare cikin kwali, a saya a soya, ba mai tambayar wa ya kamo su, da wane irin jirgi, ko nawa aka biya shi. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma kafin mutum ya ga gaɓa a Legas ko Fatakwal sai ya yini a mota. Wanda sha'awar rayuwar masuntan teku ta kama a nan, littafi ne hanyarsa mafi kusa. Sai dai littattafan da suka yi fice a wannan fanni da Turanci ake samunsu, kuɗinsu ba kaɗan ba ne, kuma sunan da ke bango yakan yaudari mai saye.

Kafin a fitar da kuɗi, a tsayar da abin da ake nema. Wani so yake ya ga aikin kamun kifi kansa: yadda ake ɗana ƙugiya, zurfin da ake sakin ta, abin da ke faruwa idan kifi ya fi ƙarfin mai kama shi. Wani kuma gidan masunci ne ya dame shi, wato wa ke da jirgi, wa ke bin wa bashi, yaya ake rabon kamu, me mata ke yi. Wani tarihin cinikin yake so, ya san dalilin da ya sa kifin da aka busar a Nowe ke ƙarewa a tukunyar miya a Najeriya. Babu littafi ɗaya da ya cika ukun nan. Ga kuma nauyin Turanci, wanda shi ya fi kashe wa mutane gwiwa, ko da yake ba a cika faɗa ba. Shawararmu tun daga farko ita ce: mai kuɗin littafi ɗaya ya sayi The Old Man and the Sea na Hemingway, mai kuɗin biyu ya ƙara da Chemmeen, mai kuɗin uku ya cike da Cod. Ga dalilai, da kuma inda shawarar ba za ta yi wa kowa daidai ba.

The Old Man and the Sea na Ernest Hemingway ya fito a 1952, ya ci kyautar Pulitzer a 1953, aka kuma ambace shi lokacin da aka ba marubucin kyautar Nobel a 1954. Gajere ne ƙwarai, kalmomi kimanin 27,000, shafi ɗari da 'yan kai, ba a ma raba shi babi-babi ba. Mai karanta Turanci a hankali, a ce kalma 150 a minti, zai gama shi cikin awa uku. Kalmomin na yau da kullum ne, ɗan aji huɗu na sakandare zai iya da shi da ɗan ƙaramin ƙamus a gefe.

Labarin wani tsohon masunci ne, Santiago, a gaɓar Kyuba kusa da Havana, wanda ya yi kwana 84 bai kama komai ba, har iyayen yaron da ke taya shi suka ɗauke ɗansu suka kai wani jirgin. Abin da ya sa masu sanin ruwa ke girmama littafin shi ne ba a yi wa aikin kwalliya ba. Tsohon ya saki ƙugiya huɗu a zurfi daban-daban: gaba 40, gaba 75, gaba 100 da gaba 125, kowace gaba ƙafa shida, wajen mita 1.8. Igiyar kaurin babban fensir ce, an rataye ta a jikin ɗanyar sanda da za ta lanƙwasa da zarar kifi ya taɓa. An rufe ƙugiyar ruf da ƙananan kifaye yadda babban kifi ba zai ji ƙarfe ba. Rarar igiya tana naɗe a shirye don ƙullawa, har kifi ya iya jan fiye da gaba 300. Sauran masunta sukan bar igiyarsu ta bi ruwa, su ɗauka suna gaba 100 alhali suna gaba 60. Shi kuwa tuƙi yake a hankali don tasa ta tsaya a miƙe.

Kifin ya ci a gaba 100. Malin ne, irin mai dogon baki mai tsini, tsawonsa ƙafa 18, ya fi kwale-kwalen da ƙafa biyu, nauyinsa a ƙiyasin tsohon ya haura laba 1,500, kusan kilo 680. Irin wannan ba a ɗaure igiyarsa a jikin jirgi, don fizga ɗaya zai tsinka ta. Jikin mutum ne ke karɓar nauyin: tsohon ya ratsa igiyar a gadon bayansa, ya sa buhu a tsakani, ya saki idan kifi ya ja, ya tattaro idan ya sassauta. Hannun hagu ya ƙage, na dama igiya ta yanke shi, abincinsa ɗanyen kifi ba gishiri. Sai a rana ta uku ya samu ya soke shi. A nan ne kuskuren lissafi ya fito fili. Ya yi nisa da gaɓa fiye da kima, kifin ba zai shiga jirgi ba, dole a ɗaure shi a gefe, ga jini na bin ruwa. Shak na farko, wato kifin teku mai cin nama, ya iso bayan awa ɗaya, ya yagi wajen laba 40, ya tafi da mashin da igiyarsa. Wuƙar da ya ɗaura a filafili, da kulki, da sandar tuƙi, haka suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Raunin littafin shi ne babu gari a cikinsa. Mutum ɗaya ne da kifi ɗaya. Ba za ka san yadda matar masunci ke ciyar da gida a watan da ba kamu ba, ba za ka ga dillali ba, ba rabon kuɗi. Akwai hirar wasan besbol da sunayen 'yan wasan Amurka wadda ba ta da ma'ana ga mai kallon Firimiya, a wuce ta ba a rasa komai ba. Akwai kuma 'yan kalmomin Sifaniyanci da ake gane su daga mahallinsu. Kada a yarda a sayi wanda aka sauƙaƙa wa yara. Na asalin ba shi da wuyar da za a ce sai an rage masa.

Abin da Hemingway ya bari a gaɓa shi Chemmeen ya ɗauka. Thakazhi Sivasankara Pillai ya rubuta shi da harshen Malayalam a 1956, a kan ƙauyukan masunta na Kerala, kudu maso yammacin Indiya. Ga mai son fahimtar yadda masunta ke zaman duniya, babu kamarsa a cikin waɗanda za mu ambata, kuma Bahaushe zai gane mutanen ciki ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Chembankunju ɗan ƙwadago ne a jirgin wani, burinsa ya mallaki jirgi da taru na kansa, ga shi ba kuɗi. Pareekutty, wani saurayi Musulmi mai rumfar saye da busar da kifi a bakin teku, yana son Karuthamma, 'yar Chembankunju. Da wannan soyayya aka ci yaron: aka karɓi kuɗi da busasshen kifi a hannunsa bisa fahimtar cewa idan jirgi ya samu, shi za a riƙa sayar wa kamu. Jirgi ya samu, kamu ya yi albarka, sai Chembankunju ya juya masa baya ya koma sayar wa masu kuɗi a hannu. Jarin Pareekutty ya karye. Duk wanda ya san yadda dillalin kifi a Yauri ko Baga ke ba masunci kuɗin kalli da sharaɗin shi kaɗai za a kawo wa kaya, ya san wannan ciniki, ya kuma san ta inda yake ɓaci. A nan dai wanda ya ci bashin ne ya cuci mai jarin, ba yadda aka saba ji ba.

Littafin ya nuna abubuwan da ba a gani daga cikin jirgi. Ba kowane masunci al'ada ta yarje wa mallakar jirgi ba, sai an bi ta hannun shugaban gaɓa, an kai masa abin da ake kaiwa. Mata su ke ɗaukar kifi a kwando su shiga da shi ƙauyukan tudu talla, kuma ɗan abin da suke ɓoyewa shi ke riƙe gida idan teku ta hana. Akwai lokacin da suke kira cakara, sa'ad da laka ke taruwa kusa da gaɓa a damina, ruwa ya kwanta lumui, kifi da jatan lande su cika wurin. Kuɗin shekara a 'yan makonnin nan ake samunsa, wanda ya yi almubazzaranci kuwa sai ya jingine kayan ɗaki kafin wani ya zagayo. A kan duk wannan akwai imanin mutanen cewa ran masunci a teku yana hannun matarsa: idan ta ci amanarsa, teku za ta cinye shi. Musulmi mai karatu ya san wannan camfi ne, marubucin ma bai ce a yi imani da shi ba. Amfaninsa a labarin shi ne nuna yadda gulmar gari ke kashe aure, har ta kai abokan aiki su ƙi shiga jirgi ɗaya da mijin da ake zargin matarsa. Ƙungiyar masu karatu za ta yi mako biyu tana muhawara a kan wannan kaɗai. Saboda batun soyayya tsakanin matar aure da tsohon saurayi, littafin na manya ne da 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ba na ƙanana ba.

Fassara biyu aka fi sani da Turanci: ta Narayana Menon ta 1962, da ta Anita Nair ta 2011. Masu nazari sun nuna an datse wurare a ta farkon, saboda haka idan da zaɓi a nemi ta biyun. Fim ɗin da aka yi a 1965 da Malayalam yake, ba Hindi ba, kada masu son fim ɗin Indiya su zaci za su tsinci kalmomin da suka saba. Babbar matsalar Chemmeen ita ce samu. Ba irin littafin da ake tsinta a shimfiɗe a bakin titi ba ne, yawanci sai an yi oda.

Akwai littattafai biyu da suka fito daga tashar jirage ɗaya, Gloucester ta jihar Massachusetts a Amurka, shekara ɗari cif a tsakaninsu, kuma ana yawan tambayar wanne ya fi. Captains Courageous na Rudyard Kipling ya fito a 1897. Yaro ne ɗan shekara 15, ɗan hamshaƙin attajiri, ya faɗo daga jirgin fasinja, wani masunci ɗan Fotugal ya tsamo shi, aka kai shi jirgin kamun kifi da ba zai koma gida ba sai ya cika da kifi. Kyaftin ya ƙi yarda da labarin arzikin ubansa, ya yanka masa albashin dala goma da rabi a wata. Ta idon yaron ake koyon aikin: ƙananan kwale-kwale suna barin uwar jirgi da safe su watsu, su dawo da yamma a ƙirga kamu, sannan a tsaya layi a tebur, wannan ya tsaga ciki, wancan ya cire kai da hanta, na gaba ya zare ƙashin baya, a wanke, a jera a ƙasan jirgi ana barbaɗa gishiri. Tafiya ba ta ƙarewa sai gishiri ya ƙare. Darasin tarbiyyar a fili yake, shi ya sa iyaye ke son saya wa 'ya'ya. Amma fa a sani, Kipling ya rubuta maganar masuntan yadda suke furta ta, da karyayyen Turancin yankinsu, wanda ko ƙamus ba ya warwarewa. Yaron da ke fama da Turancin jarrabawa zai ajiye shi a babi na biyu. Akwai kuma kalaman raina baƙar fata irin na zamanin. A wannan littafi kam, wanda aka sauƙaƙa ya fi amfani ga ɗalibi.

The Perfect Storm na Sebastian Junger, 1997, labarin gaskiya ne. Jirgin Andrea Gail, mai tsawon ƙafa 72, ya ɓace da mutum shida a guguwar ƙarshen Oktoban 1991. Kifi mai takobi a baki suke kamawa, da mamari irin na teku: igiya mai tsawon kusan mil 40, ƙugiya wajen dubu, a sake ta da yamma a kwashe tun da asuba. Junger ya yi bayanin yadda ƙugiya ke cafkar hannun ma'aikaci lokacin saki ta ja shi cikin ruwa kafin a ankara, da yadda ake lissafin kuɗi: a cire na mai, da abinci, da kayan aiki, mai jirgi ya ɗauki rabin abin da ya rage, saura a raba wa kyaftin da ma'aikata. Ba albashi, idan ba kamu an yi wata guda a banza. Wannan lissafi shi ke sa kyaftin mai kifi cike da jirgi, ga injin ƙanƙara na ba da matsala, ya zaɓi ya doshi gida maimakon ya tsaya nesa ya jira hadari ya wuce kaya su ruɓe. An auna raƙuman ruwa masu tsayin kusan ƙafa 100 a wannan guguwa. Tunda ba wanda ya tsira, marubucin bai ƙirƙiri maganganun ƙarshe ya sa a bakin mamatan ba, sai ya tattaro shaidar waɗanda suka tsira daga irin wannan hali a wasu jirage. Wannan gaskiya ce da ta cancanci yabo, amma tana sa labarin ya riƙa kaucewa zuwa ilimin yanayi, da ginin jirgi, da yadda jiki ke mutuwa a nutse. Mai son injiniyanci zai ji daɗi, mai son labari ya miƙe zai gaji. Akwai mashaya da zage-zage da yawa, ba na ɗakin karatun makaranta ba ne. Tsakanin biyun, babba ya ɗauki na Junger, yaro a ba shi na Kipling da aka sauƙaƙa.

Cod na Mark Kurlansky, shi ma 1997, ba ƙagaggen labari ba ne, tarihin kifi guda ne na wajen shekara dubu, a shafi ƙasa da 300. Shi ne zai fi amfanar ɗan kasuwar kifi, da ɗalibin tarihi ko tattalin arziki a Jami'ar Jos, da duk mai kiwon tarwaɗa da ke son sanin yadda kasuwar duniya ke juyawa. Sirrin kifin kod a namansa yake: kitse bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, don haka idan an busar ko an yi masa gishiri yakan daɗe bai lalace ba, kuma busasshen kusan kashi 80 cikin ɗari furotin ne. Da shi mutanen arewacin Turai suka yi guzurin doguwar tafiya a teku, da shi aka yi arziki a gaɓar Amurka, kuma mafi ƙasƙancinsa, wanda Turai ta ƙi saya, shi aka riƙa kai wa bayi 'yan Afirka a gonakin rake na Karibiyan. Wannan sashe ya isa dalilin sayen littafin.

Sai rigimar Aislan da Birtaniya a kan iyakar ruwa, wadda aka yi sau uku: Aislan ta ja iyakarta zuwa mil 12 a 1958, mil 50 a 1972, mil 200 a 1975, jiragenta na sintiri suna tsinka wayoyin tarun Ingilishi. Mil 200 ɗin nan shi ya zama dokar duniya daga baya. Sai kuma ƙarshen da ba a zata ba: manyan jirage masu jan taru a ƙasan teku da daskarar da kifi a ciki suka kwashe kod ɗin gaɓar Newfoundland, har gwamnatin Kanada ta hana kama shi a Yulin 1992, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. An ce hanin na shekara biyu ne, ba a ɗage shi ba sai 2024. Wannan ƙarshen ba ya cikin littafin, tunda ya tsaya a shekarun 1990, mai karatu ya riƙe haka. Amfanin karanta shi a Najeriya a bayyane yake. Dokarmu ta hana manyan jirage jan taru a mil biyar na farko daga gaɓa don a bar wa masu kwale-kwale, kuma kukan masuntan Afirka ta Yamma a kan jiragen ƙasashen waje da masana'antun niƙa kifi a Gambiya da Senegal da Muritaniya, kukan Newfoundland ne da sabon suna. Okporoko, wato busasshen kifin da ake sayarwa a kasuwanninmu, kuwa daga Nowe yake zuwa, inda ake shanya shi a kan katako a iskar sanyi kimanin wata uku ba gishiri, kuma kawunansa Najeriya ce babbar kasuwarsu. Laifin Cod ɗaya ne: yana tsalle daga ƙarni zuwa ƙarni da ƙasa zuwa ƙasa, sai da taswira a gefe. Girke-girken da aka cusa tsakanin babi-babi kuma ba su da amfani ga mai tuwo.

Yanzu ga waɗanda suna ke jawo mutane gare su. Moby-Dick na Herman Melville, 1851, shi kowa ke fara ambata, kuma shi ne mafi munin zaɓi ga mai farawa. Babi 135 ne, kalmomi sun haura 200,000, wato fiye da awa 22 a saurin karatun da muka ɗauka a baya, ban da tsayawa duba ƙamus. Ba labarin masuntan gaɓa ba ne, farautar wel ce, babbar dabbar tekun nan mai shayarwa, don a narka kitsenta a yi man fitila. Dabbar da aka sa wa littafin sunanta ba ta bayyana sai a babi uku na ƙarshe. A tsakani akwai babi kan rabe-raben wel, babi kan igiya, babi kan farin launi. Akwai dogon wa'azi kan ƙissar Annabi Yunusa a babi na 9, sannan babi na 17 an sa masa sunan Ramadan alhali azumin wani mai bautar gunki ake nufi, abin da kan sosa ran Musulmi idan bai san da shi ba tun farko. Babban littafi ne, ba musu, kuma bayanin yadda ake feɗe dabbar a gefen jirgi da dafa kitsenta a murhun bulo a tsakiyar teku ba shi da na biyu. A bar shi dai sai an karanta uku ko huɗu daga cikin sauran.

The Fishermen na Chigozie Obioma, 2015, ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Booker, kuma Cassava Republic ta Abuja ta buga shi a nan gida, don haka ya fi sauran sauƙin samu. Amma ba teku a ciki. 'Yan'uwa huɗu ne a Akure, garin da ke can tudu, suka fara zuwa rafin Omi-Ala da fatsa bayan an yi wa mahaifinsu canjin wurin aiki zuwa Yola. Kamun kifin a farkon littafin ya ƙare, saura labarin duban wani mahaukaci ne da rushewar gida. A saya don kansa, ba don ruwa ba.

Namu na gida da ya fi kusa da batun shi ne Oil on Water na Helon Habila, 2010. Marubucin ɗan Kaltungo ne, a Jami'ar Jos ya yi karatu, don haka idon ɗan Arewa ne ke kallon Neja Delta. 'Yan jarida biyu, matashi da tsohon hannu, suka shiga fadamun da ke bayan Fatakwal neman matar wani injiniyan mai Bature da aka sace, wani tsoho da ɗansa na tuƙa su a kwale-kwale. Ba za ka koyi jefa birgi a nan ba. Abin da za ka gani shi ne ƙauyen masunta bayan kifi ya tafi: mai a kan ruwa, rijiya ta gurɓace, wutar gas tana ci dare da rana, dagaci yana yawo da jama'arsa neman inda za su zauna, soja ta nan, tsageru ta can. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran irin wannan ɓarna zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, saboda haka littafin bai tsufa ba. Labarin yana gaba yana baya a lokaci, wanda ya ajiye shi kwana biyu zai rikice, gara a karanta shi a jere. Ƙungiyar karatu da ba ta samu Chemmeen ba, wannan ne madadinsa, ko da yake wancan yana nuna sana'a da ranta, wannan kuwa bayan an kashe ta.

Biyu a gurguje. The Pearl na John Steinbeck, 1947, babi shida ne, ƙasa da shafi 100, kan mai nutso neman lu'ulu'u a gaɓar Meziko da yadda masu saye suka haɗa baki suka karya masa farashi. Ya fi kowanne dacewa da 'yan aji uku da huɗu. The Hungry Tide na Amitav Ghosh, 2004, kan tsibiran Sundarbans na Bengal, yana da masunci mafi sanin ruwa a duk littattafan nan, amma shafi wajen 400 ne kuma yana tafiya a hankali.

Saura batun saye, inda kuɗi ya fi salwanta. Moby-Dick da Captains Courageous sun fita daga haƙƙin mallaka, ana sauke su kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, fayil ɗin bai kai girman hoto biyu na waya ba. Ba dalilin biyan kuɗi a kansu kafin a ɗanɗana babi biyu a ga ko za a iya. Sauran duk akwai haƙƙin mallaka a kansu. A wurin masu gwanjon littattafai, abu na farko shi ne a buɗe shafin da ke bayan sunan littafi a nemi kalmomin abridged, retold ko simplified. Kowace aka gani, an rage shi ke nan. Moby-Dick da bai kai shafi 400 ba yawanci ragagge ne ko da ba a rubuta ba. A duba ƙarshensa a tabbata akwai babi na 135 da ɗan gajeren rufewa a bayansa, domin a nan ne ake sanin yadda mai ba da labari ya tsira. Bugun Landan na farko ya fito babu wannan shafi, masu sharhi suka yi ta tambayar wa ya ba da labarin idan kowa ya mutu.

Na jabu ana gane shi da abu uku. Tawada ba ta daidaita, wani shafi baƙi ƙirin wani dishi-dishi. Hotuna da taswira sukan zama tabo, wanda a Cod da The Perfect Storm asara ce babba. Sannan shafuka kan ɓace a dunƙule, 16 ko 32 a lokaci guda, saboda haka ake naɗe takarda a maɗaba'a. A riƙe littafin a zazzage shi da babban yatsa ana kallon lambobi, musamman daga tsakiya zuwa ƙarshe. A buɗe shi sosai a tsakiya: idan gam ya yi ƙara ko ya nuna fari, hunturun Jos ɗaya zai watsa shi. Wanda ya sha damina a bakin titi kuma yana da warin rima da ɗigon ruwan ƙasa a gefen shafi, kuma fumfunar kan kama na kusa da shi a kanta.

Idan oda za a yi daga Abuja ko Legas, kada a tsaya a kan suna kawai. A ce wa mai shago: «Malam, turo min hoton shafin bugu da na bayan littafin kafin in tura kuɗi.» Daga hoton za a ga sunan mai fassara, da shekarar bugu, da lambar ISBN. Ga Chemmeen wannan ne zai bambance fassarar 1962 da ta 2011. Ƙungiyar karatu ta mutum takwas ko goma ba sai kowa ya sayi nasa ba: kwafi uku na Hemingway sun isa ya zaga kowa cikin mako biyu, amma Chemmeen da Cod sai an ware wa kowanne wata guda, kuma a haɗa odar wuri ɗaya don kuɗin mota ya zo sau ɗaya.